Ctext.org: inda nake zuwa in duba ko da gaske Laozi ya faɗa

Shafin da zan yi magana a kansa sunansa Chinese Text Project, adireshinsa ctext.org. Taska ce ta tsofaffin littattafan ƙasar Sin, kyauta ake shiga, wadda Donald Sturgeon, malami a Jami'ar Durham ta Ingila, ya fara ginawa a 2006. Yanzu littattafan da ke cikinta sun haura 30,000. Ni sana'ata harhaɗa magunguna ce, a birnin Nanjing na ƙasar Sin na yi karatu, don haka Sinancin aji da na kasuwa ba ya ba ni wahala. Tsohon Sinancin littattafai kuwa da lalube nake bin sa. Na faɗi haka ne don a san matsayin mai sharhin: ɗalibi ne da ke karatun tafarkin Dao, wato tsohuwar koyarwar Sinawa da ake dangantawa da wani mai hikima Laozi, da daddare bayan ya rufe kemis, kuma da wannan idon zan auna shafin.

Abin da ya fara kai ni can wani saƙo ne da ke yawo a WhatsApp, da hoton wani tsoho mai dogon gemu a kan sa. Wai Laozi ya ce idan kana baƙin ciki to a jiya kake zaune, idan kana fargaba a gobe kake zaune, idan hankalinka a kwance yake to a yau kake. Magana ce mai daɗin ji, amma na ji ƙanshinta bai yi kama da na mutanen da suka rayu shekara 2,300 da suka wuce ba. Littafin da ake jingina wa Laozi, Daodejing, gajere ne ƙwarai: babi 81, haruffa kimanin 5,000. A ctext duka yana shafi ɗaya, Sinanci a sama, fassarar Turanci a ƙarƙashin kowane babi. Na bi shi daga farko har ƙarshe. Babu wannan magana, babu mai kama da ita. Ita ma ta koya wa mutum kamun kifi maimakon a ba shi kifi, wadda ake yawan liƙa masa a tarukan tallafi, ba ta ciki. Wadda ke ciki ita ce ta tafiyar dubban zango da ke farawa daga ƙarƙashin ƙafa, a babi na 64. Wannan ne amfanin shafin na farko, kuma ko shi kaɗai ya isa a gode.

Fasalinsa na tsohon yayi ne. Babu ado, babu hotuna masu motsi, rubutu ne zalla da jerin sassa a gefen hagu: na mabiya tsofaffin malaman Sin Konfushiyas da Mozi, na Dao, na masu ra'ayin tsaurara doka, na dabarun yaƙi, lissafi, tarihi, likitanci, sai kuma wani sashe na littattafan da aka tono daga ƙasa. Ga wanda ke lissafin datarsa wannan alheri ne, domin ko layi na jan ƙafa shafi yana buɗewa. A waya sai ka yi ta ja da matsawa, a kwamfuta ya fi daɗi. Wasu abubuwan sai ka yi rajista, ita ma ba a biyan ko sisi.

Kusa da kowane sakin layi akwai 'yan ƙananan alamomi. Ɗaya tana kai ka ƙamus, inda za ka danna kowane harafi ka ga lafazinsa da abin da tsofaffin ƙamusoshin Sinawa suka ce a kansa. Wata tana fito maka da duk wurin da jimla irin wannan ta zo a wasu littattafai na wancan zamani. Wannan ta biyun ita ce zuciyar shafin a wurina. Ɗauki wuwei, wato barin yin abu da tilas da katsalandan, wanda kowa ke cewa shi ne tambarin mabiya Dao. Sa shi a akwatin bincike, sai ga shi a bakin Konfushiyas kansa, yana yabon tsohon sarki Shun da cewa da shi ya yi mulki, ya zauna daram ya fuskanci kudu abubuwa suka tafi daidai. Daga nan za ka fara gane cewa katangar da littattafan masu fara koyo ke ginawa tsakanin "'yan Dao" da "'yan Konfushiyas" daga baya aka gina ta. Sunan ma da ake kiran mazhabar Dao da shi, a rubuce-rubucen masanin tarihi Sima Tan na zamanin daular Han ya fara fitowa sarai, bayan marubutan sun daɗe a ƙasa.

Abu na biyu da karanta matanin kai tsaye ya nuna mini shi ne cewa Daodejing da masu mulki yake magana fiye da yadda yake magana da ma'aikacin da aiki ya gajiyar. Babi na 75 ya ce talakawa na yunwa ne saboda na sama sun cinye da yawa a haraji. Babi na 57 ya ce gwargwadon yawan dokoki, gwargwadon yawan ɓarayi. Waɗannan kam duk wanda ya karanta a ƙasarmu sai ya gyaɗa kai. Amma a littafi ɗaya akwai babi na 3, da ke cewa mai hikima ya wofintar da zukatan jama'a ya cika cikkunansu, ya bar su babu sani babu buri, da babi na 65, da ke yabon magabata don ba su wayar da kan talaka ba. Masu buga kalamai a kan hoton faɗuwar rana ba sa ɗauko waɗannan. Masana suna da hanyoyin fassara su da sassauci, wasu na cewa wayon zamba ake nufi da sani, amma dai suna nan, dole mai karatu ya tsaya a kansu ya yi tunani.

Babi na 60 shi ne wurin da na ga aikin alamar nan ta kwatanta jimloli da idona. Layinsa na farko ya ce mulkin babbar ƙasa kamar dafa ƙaramin kifi ne. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya kawo shi a jawabinsa ga majalisa a 1988, yana nufin gwamnati ta rage sa hannu a harkokin mutane. A ctext za ka iya buɗe sharhin Heshanggong, wani tsohon mai sharhin Daodejing, wanda ya ce ƙaramin kifi ba a cire masa hanji, ba a kankare ɓawonsa, ba a juya shi, don gudun kada ya dagargaje, sannan ya ɗora cewa haka jikin mutum yake, idan aka dame shi ƙarfinsa watsewa yake. Shi ya karanta babin ne a matsayin darasin kiwon lafiya da na mulki a haɗe. Sai kuma ka ga jimlar a littafin Han Feizi, wanda ya rasu a shekara ta 233 kafin Miladiyya, mutumin da ya fi kowa kiran a mulki jama'a da lada da azaba. Shi ne ma ya bar mana sharhi mafi tsufa a kan Laozi. Abin da ya fahimta daga kifin shi ne kada a riƙa canza doka kullum, domin talaka ke shan wuya. Layi ɗaya, mutum uku, kowa ya ja shi gidansa. Ni dai ta Han Feizi ta fi kama ni, wataƙila saboda na san abin da sauye-sauyen ƙa'idar shigo da kaya ke yi wa farashin magani.

Sashen littattafan da aka tono shi ne dalilin da ya sa nake cewa shafin na mai son ilimi ne da gaske. A 1973, a Mawangdui kusa da birnin Changsha, an buɗe wani kabari da aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya, aka sami kwafi biyu na Laozi a rubuce kan siliki. A cikinsu rabin littafin da muka sani a matsayin na biyu shi ne a gaba. Har ma an iya gane wanne ya girmi wani ta wata al'ada ta Sinawa ta kauce wa rubuta sunan sarki: kwafi ɗaya yana amfani da harafin da ke cikin sunan Liu Bang, wanda ya kafa daular Han, ɗayan kuma ya musanya shi. Sai a 1993, a Guodian da ke lardin Hubei, bayan ɓarayin kabari sun riga sun taɓa wurin, masu bincike suka ceto ɗaruruwan sillayen gora masu rubutu daga wajejen shekara ta 300 kafin Miladiyya. A ciki akwai kimanin kashi biyu cikin biyar na Laozi, a wani jeri daban da wanda aka sani. Babi na 19 na kwafin da ya yaɗu yana cewa a watsar da tausayi da adalci irin na koyarwar Konfushiyas. Na Guodian bai ambaci waɗannan biyun a wurin ba sam, wayo da jayayya da ƙarya yake cewa a watsar. Kuma a kabarin nan, gefe da gefe, an sami littattafan almajiran Konfushiyas. Wato akwai alamar gabar da ake ta labari ƙaruwa ta yi daga baya. Duk wannan kana iya buɗe shafi biyu ka jera ka gani, ba sai wani ya ba ka labari ba.

Shi kansa Laozi, idan ka buɗe babi na 63 na babban littafin tarihin Sima Qian a shafin, za ka tarar da marubucin yana ta ɗari-ɗari. Ya ce sunansa Li Er, mai tsaron taskar takardun fadar daular Zhou ne, da ya ga mulki na lalacewa ya kama hanya, mai gadin mashigar dutse ya roƙe shi ya rubuta wani abu kafin ya wuce, ya rubuta kalmomi 5,000 da 'yan kai ya tafi, ba wanda ya san ƙarshensa. Sai kuma ya ƙara da cewa wasu na ganin wani mutum ne daban, wasu na cewa ya yi shekara 160, wasu 200. Masana da yawa a yau na ganin littafin taruwa ya yi a hankali daga bakuna da hannaye da yawa.

Inda shafin ke sa mutum gumi shi ne fassara. Ta James Legge ce, wadda aka buga a 1891. Legge ɗan mishan ne daga Sikotilan, shi ne farfesan Sinanci na farko a Oxford, kuma ya yi aiki mai nauyi da ba za a raina ba. Sai dai Turancinsa na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, cike da kalmomin da ya cusa a baka don jimla ta tsaya, wasu wuraren kuma ya mai da su waƙa mai amsa-amo, abin da ke sa ma'ana ta karkace don ƙafiya ta zauna. Ya kuma yi aikinsa shekara 80 kafin a tono Mawangdui. Na fahimci dalilin zaɓenta, domin ta tsufa har haƙƙin mallaka ya sauka daga kanta, sababbin fassarori kuwa suna da masu su. Amma wanda bai iya Sinanci ba, ya kamata ya sani cewa ta tagar wani mutum ɗaya na ƙarni na 19 yake leƙe. Littattafai da yawa ma babu fassarar ko kaɗan.

Littafin da na fi daɗewa a kansa shi ne Zhuangzi, wani babban littafin Dao da ke ɗauke da sunan malamin da ake jingina masa shi. Babi 33 ne a yadda Guo Xiang, wanda ya rasu a 312, ya tace shi daga wani tsohon kwafi mai babi 52, kuma bakwai na farko su ake ganin sun fi kusa da marubucin na asali. Labarai ne da barkwanci da gatse, har a Turancin Legge mai sanda da kwat suna ba da dariya. A babi na 3 akwai wani mahauci mai suna Ding da ke fiɗar sa a gaban wani basarake. Hannunsa da kafaɗarsa da gwiwarsa suna tafiya tare, wuƙar na ba da sauti kamar kiɗa. Basaraken ya yi mamaki. Ding ya ajiye wuƙa ya ce da ya fara wannan sana'a, san gaba ɗaya yake gani a gabansa. Bayan shekara uku ya daina ganin sa ɗungurungum. Yanzu ba ya ma bukatar ido, yana bin ƙofofin da ke tsakanin gaɓoɓi ne yadda aka halicce su. Mahauci nagari duk shekara yake canza wuƙa domin yanka yake yi, na gama-gari duk wata domin sara yake yi, tasa kuwa shekara 19 ke nan, ta fiɗe dubban shanu, bakinta kamar yanzu aka ɗauke ta daga dutsen washi.

A nan masu koyar da "rayuwa ba wahala" ke tsayawa su ce ka ga, ka saki jiki komai zai tafi da kansa. Labarin bai ƙare a nan ba. Ding ya ci gaba da cewa duk da haka, idan ya zo wurin da jijiyoyi da ƙashi suka cukuikuye, yakan ga wuyar wurin, ya yi taka-tsantsan, ya kafe ido, ya rage sauri, ya motsa wuƙar kaɗan-kaɗan, har naman ya zube. Wannan sakin layin shi ne abin da na ɗauka zuwa wurin aiki. Takardar magani ta yau da kullum hannu ya riga ya saba da ita, amma idan aka kawo ta jariri, ko ta mai ciwon ƙoda, ko ta tsohuwar da ke shan magani biyar, duk gwanintarka sai ka ja birki ka sake lissafi. Sauƙin da Ding ke magana a kai bayan shekaru na horo ya zo, kuma bai kore tsoro a wurin da ya dace a ji tsoro ba. Na sa kalmar wuwei a bincike don in ga ko tana cikin labarin. Ba ta ciki. Masu sharhi ne suka haɗa su, haɗin kuma yana da ma'ana, amma yana da kyau mutum ya san wa ya ɗinka.

Yanzu ga abin da ya fi shafar sana'ata, kuma a ganina shi ne amsa mafi ƙarfi ga mai tambayar me karatun Dao zai tsinana wa mutumin yau. Ge Hong, wanda aka haifa a 283 a Jurong, tafiyar ɗan lokaci daga Nanjing, babban malamin Dao ne da ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman maganin dawwama. Littafinsa Baopuzi yana shafin. Ya kuma tara wani ɗan littafin magungunan gaggawa, Zhouhou beiji fang, wanda aka yi don a sa a hannun riga, da kayan haɗi masu araha da talakan ƙauye zai iya samu. A babin zazzaɓi mai zuwa yana dawowa akwai layi guda: a ɗauki damƙi ɗaya na ganyen qinghao, a jiƙa a mudu biyu na ruwa irin awon lokacin, a matse ruwan, a shanye duka. Qinghao ɗan uwan tazargade ne.

A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro da ya daina jin kulorokwin yana kashe sojoji, sai gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri da ake kira 523, daga ranar da aka kafa shi, 23 ga Mayu. Wata mai binciken magunguna, Tu Youyou, da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Qinghao na cikinsu, amma sakamakonsa yau ya yi kyau gobe ya ƙi. Da ta koma kan layin Ge Hong sai ta lura bai ce a dafa ba, jiƙawa da matsewa ya ce, alhali yawancin magungunan Sinawa tafasa su ake yi. Ta yi zargin zafi ne ke lalata sinadarin, ta koma tatsa da wani sinadari mai tafasa a ƙaramin zafi, kuma a watan Oktoba na 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Daga nan artemisinin ya fito. Ta sami kyautar Nobel a 2015. Duk kwalin maganin maleriya na haɗin artemisinin da nake miƙa wa uwa a kan kanta, tsatsonsa yana komawa ga wannan layin. Abin sha'awa, a kabarin Mawangdui ɗin nan da aka sami Laozi an sami wani littafin magani da ya ambaci qinghao, amma shi don basir.

To amma ka buɗe babin da kanka ka karanta maƙwabtan layin. A nan ake cewa a kama gizo-gizo a toshe shi cikin kara a rataya a wuya har lokacin zazzaɓin ya wuce. A nan ake cewa a rungumi zakara a sa shi ya yi cara da ƙarfi. Akwai kuma haɗe-haɗe da yawa da saiwar changshan, wadda ita ma bincike ya tabbatar tana da sinadarin da ke yaƙar cutar, sai dai tana sa amai sosai. Gaskiya da tatsuniya a shafi ɗaya, da tawada ɗaya, da tabbaci iri ɗaya. Kuma Ge Hong ɗin nan shi ne ya fifita haɗin zinariya da jan dutsen da ake samun zaiba a cikinsa a kan duk wani ganye, irin haɗin da daga baya ya halaka sarakunan daular Tang da dama da suka sha don neman tsawon rai. Abin da ya raba layin qinghao da layin gizo-gizo shi ne ɗakin gwaji, da ɓeraye, da mutanen da suka gwada a jikinsu, cikinsu har da ita Tu Youyou. Don haka kada wani ya karanta wannan ya je ya jiƙa tazargade ya ba yaro mai zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan shan ganyen a madadin magani, domin adadin sinadarin a ganye ba shi da tabbas, kuma shan kaɗan-kaɗan yana iya koya wa ƙwayar cutar jurewa. Na faɗi wannan a kan kanta har bakina ya gaji.

Littafin magungunan na Ge Hong yana cikin babban ɓangaren shafin da aka ɗauki hotunan tsofaffin bugu, na'ura ta karanta rubutun, masu amfani kuma suna gyarawa da hannu. A irin wannan ɓangaren akan ci karo da harafin da na'ura ta karanta ba daidai ba, ko sharhi ya cakuɗe da matani. Abin da ya cece shi shi ne hoton shafin asali yana nan a gefe, kana iya dubawa. Duk wanda zai kafa hujja da wani layi daga nan, musamman layi mai awo, ya duba hoton tukuna.

Akwai wani giɓi da ba laifin kowa ba ne, amma ya kamata a sani. Idan ka bi jerin gefen hagu kawai, za ka ɗauka Dao falsafar wasu littattafai ce ta kafin Miladiyya. Alhali addini ne mai rai, ɗaya daga cikin biyar da gwamnatin Sin ta amince da su, tare da Musulunci. Tarihinsa na ƙungiya yana farawa daga Zhang Daoling a shekara ta 142 a yankin Sichuan, inda mabiya ke ba da awo biyar na shinkafa. Babban kundinsa da aka buga a 1445 yana da littattafai wajen 1,400, na ibada da tsafe-tsafe da magani da tarihin waliyyansu. Na je dutsen Maoshan, a Jurong ɗin su Ge Hong, na tsaya daga gefe ina kallon cunkoson masu ƙona turare a gindin wani ƙaton mutum-mutumin Laozi, ga limamansu da gashi a ɗaure a tsakiyar ka suna rubuta layu. Ba abin da ke Daodejing da zai shirya ka ganin wannan. Turawan zamanin Legge sun ɗauki addinin a matsayin lalacewar wata tsarkakakkiyar falsafa. Sai a ƙarni na 20 masana irin su Kristofer Schipper, ɗan Holan da ya zauna a Taiwan har aka naɗa shi limamin Dao a 1968, suka nuna cewa ba za a fahimci ɗaya ba tare da ɗayan ba. Shafin yana ba ka matani da sharhi jibge, kamar ka shiga zauren babban malami ka tarar da littattafansa duka a jere amma shi ya yi tafiya. Babu mai ce maka fara da wannan, wancan jabu ne, wannan babin an ƙara shi bayan shekara 500. Liezi, alal misali, yana zaune cikin jerin tsofaffi, alhali yawancin masana na ganin kwafin da muke da shi na wajejen ƙarni na 4 ne. Dole ka nemi littafin gabatarwa na zamani ka ajiye a gefe.

Wani aminin mahaifina, malami ne, ya tarar da ni a kemis da waɗannan haruffa a fuskar kwamfuta. Ya ce, "Likita, me kake nema a littattafan masu bautar gumaka?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, asalin maganin zazzaɓin da na ba Hajiya nake dubawa." Ya yi dariya ya ce to in dai riƙe alwalata. Ban kawo masa maganar neman ilimi ko a birnin Sin ba, domin na san zai ce mini malaman hadisi ba su inganta ta ba, kuma da gaskiyarsa. Abin da na ba shi labari shi ne Liu Zhi, malamin Musulunci ɗan Nanjing da ya rayu a ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18, wanda ya karance littattafan Konfushiyas da na Buddha da na Dao kafin ya rubuta tauhidi da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sinancin da masu ilimin garinsu za su gane. A masallacin Jingjue na birnin, wanda ya samo asali tun farkon daular Ming, muke sallar Juma'a muna ɗalibai. Malam ya ce wannan kam sai in rubuto masa sunan.

Ga wanda ya iya Turanci kawai, shawarata ya fara da Zhuangzi, ya bar Daodejing sai daga baya, domin labari ya fi jure tsohuwar fassara a kan karin magana. Babi na 17 wuri ne mai kyau: sarkin wata ƙasa mai suna Chu ya aiko manyan fadawa biyu su ba Zhuangzi riƙon ƙasa, suka same shi yana kamun kifi, bai ko waiwayo ba ya tambaye su ko kififiyar da aka adana ƙasusuwanta a fada shekara 3,000 cikin akwati da alharini za ta fi son haka, ko ta kasance da rai tana jan wutsiya a taɓo. Ga ɗalibanmu da ke Sin ko suka dawo, waɗanda suka iya haruffa, ƙamus ɗin shafin da alamar kwatanta jimloli sun isa su fara shiga tsohon Sinanci da kansu, sakin layi ɗaya a dare. A buɗe shi a kwamfuta, a sauya rubutun zuwa sauƙaƙan haruffa idan su aka koya a makaranta, akwai wurin yin haka a shafin.